Guzurin Mai Yini a Daji

[Taken shiri]

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa daga nan birnin Tamale. Gaisuwa ga mutanen Hausa Zango da Moshi Zango, da Sabonjida da Aboabo da Lamashegu, da masu kama mu daga Savelugu, Kumbungu, Tolon, har zuwa Yendi da Salaga.

Yau zancen daji za mu yi, kuma da mutane da yawa nake. Ina magana da iyayenmu mata masu fita tsintar kaɗanya tun asuba, da masu itace da masu gawayi, da samarin da ke cika mota su tafi farauta da rani, da masu ɗebo zuma, da manomin da gonarsa ta yi nisa da gari, da malamin makaranta da zai kai ɗalibai gandun daji na Mole.

Duk waɗannan da na lissafa, babu wanda yake fita da niyyar kwana. Abin da kowa ke faɗa a bakin ƙofa shi ne, "Yanzu zan dawo," ko "Kafin azahar ina gida." Wannan magana ita ke sa mutum ya fita hannu rabbana. Wanda zai yi tafiyar kwana uku yakan zauna ya yi shiri, amma mai yini sai ya ga ai nan da nan ne. Sai tayar babur ta yi faci a inda babu mai faci, ko ƙafa ta gurɗe, ko hadari ya taso, ko hanya ta rikice. Kafin a ankara, yini ya zama kwana.

To ga ƙa'idar da nake so mu riƙe a shirin nan: ka haɗa jakar yini kamar wanda zai iya kwana ɗaya bai shirya ba. Sannan kowane abu da zai shiga jakar, ka tambaye shi aikinsa. Abubuwan da suka fi cutar da mutane a dajinmu na arewacin Gana sanannu ne: ƙishirwa da zafin rana, maciji, ɓatan hanya da duhu, rauni, da gobarar daji. Abin da ba ya maganin ɗaya daga cikinsu, bar shi a gida, domin jakar da ta yi nauyi gobe ba za a ɗauke ta ba.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa tasowa daga Kano suna shafe watanni kafin su iso Salaga sayen goro, sun san wannan ilimi. Salkar ruwa, ƙyastu na kunna wuta, wuƙa, igiya, busasshen guzuri, sai kuma jagaba wanda ya san nisan da ke tsakanin wannan ruwa da na gaba. Kayan sun sauya kama, buƙatar tana nan. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

[Ɗan kiɗa]

Mu fara da ruwa. A watannin Maris da Afrilu zafi a Tamale yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da gumi kusan lita guda a cikin awa ɗaya. Hunturu kuma nasa salon daban: busasshiyar iska tana shanye gumin kafin ka gan shi, kai kana ganin ba ka rasa komai ba, sai leɓe ya tsage, kai ya fara sara.

Ledar ruwan da muke saye rabin lita ce. Babban mutum da zai yini a daji kada ya fita da ƙasa da lita 3, wato leda 6. Da bazara ya kai lita 4 ko fiye. Kowace lita nauyin kilo ɗaya ce, kuma ita ce nauyin da bai kamata a yi ƙyashin ɗauka ba. Leda tana fashewa idan ta haɗu da adda ko ƙaya, saboda haka a juye a jarka mai murfi, a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don ruwan ya yi sanyi. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya kama. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi kaɗan ya yi ja, jiki yana neman ruwa. Kuma da zarar ruwanka ya kai rabi, to lokacin juyawa gida ya yi, ko buhu bai cika ba.

A haɗa da ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda biyu. Idan babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda jiri ya kwashe, a kai shi inuwa a ba shi wannan. Idan kuwa jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya fara sambatu ko ya ruɗe, to abin ya wuce gajiya. A jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a nufi asibiti da shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Ruwan tafki fa? Dattawan Savelugu ba su manta da kurkunu ba, yadda ya kwantar da manya da yara a shekarar 2007. Mutum na ƙarshe da ya kamu da shi a Gana an same shi a Diare a 2010, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Alhamdu lillahi. Sai dai gudawa da taifot da tsargiya suna nan a ruwan kwance. Don haka a ajiye ƙyalle mai tsabta na tacewa da ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs. A tace, a jefa ƙwayar bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira rabin awa. Idan da hali a tafasa, ya fi.

'Yan'uwa Musulmi, malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ruwansa bai wuce na sha ba, kuma yana tsoron ƙishirwa, taimama ta halatta gare shi. Kada a ƙarar da ruwan sha wajen alwala a tsakiyar daji. Mai azumi ma ya ɗauki ruwansa, domin bai san inda magariba za ta riske shi ba.

[Ɗan kiɗa]

Sai maciji. A nan ina roƙon iyayena mata su matso kusa da rediyo.

Daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, lokacin da kaɗanya ke zuba, ku ne a gindin bishiya tun gari bai gama wayewa ba. Ciyawa ta jiƙe da raɓa, silifa ne a ƙafa, kwano a gefe, hannu yana laluben 'ya'yan kaɗanya a ƙarƙashin ganye. A daidai wurin nan kububuwa take kwanciya. Gajeriya ce, launinta launin ƙasa da busasshen ganye, ido ba ya saurin rabe ta. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya jin kamar abin da sauƙi a ranar farko, daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari. Ga kasa, wadda ba ta gudu idan ta ji tafiya. Ga gamsheƙa mai feshin dafi a ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Mafi yawan waɗanda abin ke shafa manoma ne da makiyaya da masu tsinta irinmu, kuma saran yakan faɗa a ƙafa ne ko a hannu.

Ke nan kariyar tana ƙafa da hannu. Dogon takalmin roba irin na masu noman shinkafa, wanda ya kusa gwiwa. Safar hannu mai kauri. Sanda ta tone ganye kafin hannu ya sauka. Na san ana cewa takalmin yana da zafi, yana da nauyi, kuma kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma a gwada kuɗinsa da kuɗin jinya da asarar kakar kaɗanya guda. Ƙungiyoyin mata masu adashi, ku sa takalmi da safar hannu cikin abin da za a fara saya kafin kaka. Maza, wanda matarsa ko mahaifiyarsa ke zuwa tsinta, wannan sayayya tana wuyanka. Kafin a sa takalmin da safe kuma, a kife shi a kakkaɓe, saboda kunama.

Idan ƙaddara ta faɗa, ga abin yi. A matsa daga wurin macijin, kada a tsaya farautarsa. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi. A kwantar wa mutum da hankali, a ɗaura wa gaɓar sanda da bandeji ko ɗankwali, sako-sako, don kada ta riƙa motsi. A ɗauke shi a babur ko motokin, wato babur mai ƙafa uku, zuwa asibiti, kada a bar shi ya yi ta tafiya da ƙafa. Kada a tsaga wurin da reza. Kada a tsotsa. Kada a ɗaure da roba ko igiya tamau, wannan ɗaurin ya jawo wa mutane da dama asarar hannu ko ƙafa. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Maganin ciwo kuma farasitamol kaɗai, ban da asfirin da dangoginsa, don suna ƙara zubar jini. Wanda gamsheƙa ta fesa wa dafi a ido, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Addu'a a yi ta a kan hanya, amma ƙafa ta nufi inda allurar maganin dafi take. Tun kafin ranar fita, ku tambayi ma'aikacin lafiya na yankinku wane asibiti mafi kusa ne ke ajiye allurar, domin ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba, kuma Asibitin Koyarwa na Tamale yana da nisa ga wanda yake bayan Karaga ko Daboya.

[Ɗan kiɗa]

Na uku, ɓata da duhu. A ƙasarmu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma ba a rabin awa duhu ya rufe. Dajin namu shimfiɗaɗɗe ne, kaɗanya ta yi kama da kaɗanya, ɗorawa ta yi kama da ɗorawa. Bayan damina gamba takan fi mutum tsawo. Da hunturu kuma hazo yana dushe rana har gabas da yamma su rikice wa wanda ya girma a wurin.

Abu uku ne maganin wannan, kuma dukansu aljihu ɗaya zai ɗauke su. Na farko tocila, mafi kyau irin ta ɗaurawa a goshi, da batir na ko-ta-kwana. Kada a dogara da fitilar waya, domin cajin da za ta cinye shi ne na kiran gida. Na biyu usur, irin na alƙalin wasan ƙwallo. Murya tana dishewa bayan ɗan kira, usur kuwa ko yaro ya busa za a ji daga nesa. Busa uku a jere, a dakata, a sake uku: wannan sananniyar alama ce ta neman agaji. Ku koya wa juna kafin a rabu a bakin daji. Na uku waya mai cikakken caji a cikin leda. Ƙaramar waya mai madannai ta fi riƙe caji. Inda sabis ya yi rauni, saƙon tes yakan wuce ko da kira ya ƙi shiga, kuma hawa tudu yana taimakawa. Lambar gaggawa a Gana ita ce 112, kyauta ce. A ajiye har da lambar wani mai motokin na ƙauyen da ya fi kusa.

Lokacin shiga, a riƙa waiwaye. Hanya tana sauya fuska idan an juyo. A lura da kuka ko rimi ko babban suri ko turakun lantarki, a kuma san ko titi yana gabas ne ko yamma. Idan ka tabbata ka ɓace, tsaya. Nemi inuwa ka zauna, ka kurɓi ruwa, ka yi tunanin wuri na ƙarshe da ka gane. Tsoro yana sa mutum ya yi ta sauri yana ƙara nisa da masu nemansa. Idan duhu ya yi, a kwana a inda ake, tafiyar dare a daji ita ce ke haɗa ƙafa da kasa. Ƙyalle mai launi mai haske, ja ko ruwan lemo, yana sa a hango ka, kuma ga 'yan farauta yana hana abokin tafiya ya ɗauke ka dabba a cikin ciyawa.

Na huɗu, wuta. A ɗauki ashana ko laita a ƙulle a leda. Daren hunturu a daji yana da sanyi, hayaƙi kuma yana nuna wa masu nema inda kake. Amma wanda ya ɗauki ashana ya ɗauki amana. Manyanmu suna tuna 1983, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu suka cinye gonaki a faɗin Gana, aka shiga yunwa. A 1990 aka kafa dokar hana ƙona daji, kuma tana nan har yau. Samari 'yan farauta, wutar da ake cinnawa don a fito da zomo ko gafiya ita ce take cinye shinkafar wani da ke jiran girbi, ta ƙone ƙananan kaɗanyar da iyayenmu za su tsinta nan gaba. Ku tuna kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba lokacin rufe farauta ne a dokar ƙasa. In za a hura wuta don buƙata, a share wuri har ƙasa ta fito, a yi ta ƙarama, a binne ta da ƙasa kafin a tashi. Idan gobara ta taso maka, kada ka yi tsere da ita a cikin doguwar ciyawa iska tana bayanka. Ratsa gefe, ka nemi inda ya riga ya ƙone, ko titi, ko fili marar ciyawa.

Na biyar, rauni da yunwa. Ɗan ƙullin magani ya isa: bandeji, filasta, guntun sabulu, farasitamol. Saran adda, a danne shi da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke, a ɗaure. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Mai asma ya ɗauki abin shaƙarsa, mai ciwon sukari ya riƙe alewa ko dabino, mai sikila ya ninka ruwa. Katin inshorar lafiya da 'yan sidi kaɗan su kasance a leda ɗaya, domin kuɗin waya ba ya fita inda babu sabis. Wuƙa, igiya mai ɗan tsawo, malafa. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa da zafi: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, garin rogo da sukari. Ƙannena samari, tiramol ba guzuri ba ne. Yana ɓoye gajiya da ƙishirwa har sai jiki ya faɗi, kuma yana gusar da hankalin da za ka gane hanya da shi.

Da damina a ƙara babbar leda. Ita ce rigar ruwa, ita ce shimfiɗa, ita ce rumfa. Idan ana tsawa kada a fake a gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, yana iya kaiwa ƙirji bayan la'asar. Mutanen bakin kogin Volta, daga Nawuni zuwa Daboya da Yapei, ku kasa kunne ga sanarwar buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, wadda takan zo wajen Agusta ko Satumba.

[Ɗan kiɗa]

Malaman makaranta masu kai yara Mole, ga naku. Wannan gandu shi ne mafi girma a Gana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tun 1971 yake gandun ƙasa. Ba a shiga cikinsa da ƙafa sai da ma'aikacin gandun. Kowane yaro ya zo da rufaffen takalmi da gorar ruwansa da hula. A guji baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu, ƙudan tsando yana bin waɗannan launuka. Abinci ya zauna a cikin jaka a rufe saboda birai. Giwa kuwa, inda ma'aikaci ya ce a tsaya, nan za a tsaya, hoto bai kai rai ba. A ƙirga yara kafin a shiga, a ƙirga bayan an fito, a sake ƙirgawa a cikin mota.

Saura abu guda, wanda ba ya shiga jaka kuma ba a sayen sa a kasuwar Aboabo. Kafin ka fita, ka gaya wa wani a gida abu uku: inda za ka, da wanda za ku tafi tare, da lokacin da za ka dawo. "Na tafi daji" ba bayani ba ne. Ka ce, "Hanyar Salaga za mu bi, bayan ƙauye kaza, ni da wane, in an yi la'asar ba ku gan mu ba ku kira, in an yi magariba ku taso." Mai usur da tocila yana jiran masu nema ne, masu nema kuwa sai sun san inda za su dosa. Kuma a daina shiga daji mutum ɗaya. Wanda maciji ya sara, ko ya karye, ba shi zai ɗauki kansa ba.

Wani zai ce, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, babu mai ja. Amma malamai sun koya mana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma kiyaye rai wajibi ne.

Bari in maimaita don mai rubutawa. Ruwa lita 3 zuwa 4, da gishiri da sukari, da ƙyallen tacewa da ƙwayar ruwa. Dogon takalmi, safar hannu, sanda. Tocila, usur, waya mai caji. Ashana a leda, wuƙa, igiya. Bandeji, filasta, sabulu, farasitamol da maganin da ka saba sha. Busasshen abinci, malafa, babbar leda, katin asibiti da 'yan kuɗi. Idan aka cire ruwa da abin da ke jiki, sauran ƙaramar jakar makaranta ta ɗauke su.

Aikin da zan bar mu da shi a wannan mako: kowane gida da ake zuwa daji ya ware jaka ɗaya, a haɗa waɗannan kaya, a rataye ta kusa da ƙofa. Abin da aka taɓa, a mayar da shi a daren da aka dawo. Wanda ya ji shirin nan kuma ya isar wa maƙwabciyarsa da ba ta da rediyo, da Hausa ko da Dagbanci, duk wanda ta fi ji.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare masu fita nema, ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya sanya albarka a abin da aka samo. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

[Taken rufe shiri]